Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra: A Duba Abin Da Ke Faruwa A Kan Direba

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC,
tare da kwafi ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu motocin haya.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da jami'anka da ke shan rana da ruwa a kan titunan ƙasar nan. Tun da aka kafa hukumarku a 1988, saƙon da muke ji daga gare ku a rediyo da tashoshin mota, musamman idan Sallah ta gabato ko shekara ta zo ƙarshe, kusan guda ne: a rage gudu, a daina ganganci, a kula. Magana ce ta gaskiya, ba ni da ja a kanta. Sai dai an gina ta ne a kan zaton cewa direba a kowane lokaci yana sane da abin da yake yi, ya ga hanya biyu ya zaɓi mummunar. Abin da masu binciken ƙwaƙwalwa suka gano cikin shekaru talatin ɗin nan ya nuna ba haka tuƙi yake ba, kuma muddin aka ci gaba da yi wa direba wa'azi ba tare da sanin yadda kansa ke aiki ba, za a yi ta binne mutane ana maimaita wa'azin.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, kuma a gidan direban babbar mota na tashi. Na san irin mutanen da ake kira 'yan ganganci idan haɗari ya auku. Da yawansu magidanta ne masu tsoron Allah, waɗanda suka fi kowa son su koma wurin 'ya'yansu lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, Afirka ce a gaba idan aka auna da yawan jama'a, kuma babu abin da ya kai haɗarin mota kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ba zai yiwu a ce duk wannan aikin miyagu ne ba.

A dubi mai koyo. Ranar da mutum ya fara riƙe sitiyari, sashen gaba na ƙwaƙwalwarsa, wanda ke bayan goshi, shi ke ɗauke da aikin duka. Taka kuloci, canza giya, duba madubi, kowanne sai ya tsaya ya yi tunaninsa. Shi ya sa za ka gan shi yana haɗa gumi, ko sallama aka yi masa ba ya iya amsawa. Bayan watanni sai ƙwaƙwalwa ta miƙa wannan aiki ga wasu sassa da ke can cikinta da kuma ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, waɗanda su ke riƙe duk abin da jiki ya saba. Daga nan hannu da ƙafa su ci gaba da aikinsu ba sai an umarce su ba. Rahama ce babba, don ba domin ita ba babu mai iya tuƙin awa biyu. To amma sashen gaban da aka sauke wa kaya ba ya zama haka nan. Sai ya tafi wajen bashin da ake bin mutum, ko matar da aka baro tana naƙuda, ko kuɗin makarantar yara. Ka tambayi duk direban da ya saba da hanyar Kano zuwa Zariya, zai gaya maka ya sha tsintar kansa a Tashar Yari bai tuna lokacin da ya wuce Kwanar Dangora ba. A wani bincike da aka wallafa a 2012, likitoci a birnin Bordeaux na Faransa sun tattauna da direbobi 955 da aka kawo asibiti bayan haɗari. Fiye da rabinsu sun ce hankalinsu yana wani wuri dab da aukuwar abin, kuma waɗanda tunanin ya fi yi wa nauyi su ne aka fi samu da alhakin haɗarin.

Duk wannan ba ya bayyana sai ranar da abin da ba a saba ba ya faɗo hanya: akuya, yaro, tirelar da ta lalace aka zuba ganye a bayanta maimakon alama. Sabo ba shi da amsar wannan. Dole ido ya aika saƙo zuwa ƙeya inda ake fassara gani, a gane mene ne, a kira sashen gaba ya dawo daga inda ya tafi ya yanke shawara, sannan a aika wa ƙafa. Ga lafiyayyen da ya yi barcinsa, wannan kan ci kusan daƙiƙa ɗaya da rabi idan abin ya zo ba zato. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa, ke nan ta shafe mita 42 kafin ƙafa ta taɓa birki, birkin ma bai fara nasa aikin ba. Injiniyoyin hanya a Amurka daƙiƙa biyu da rabi suke warewa idan suna zana titi, don su haɗa har da mai jinkiri. Direban da ke manne wa bayan wata mota yana neman wucewa ya dogara ne da wani sauri da Allah bai halicci ƙwaƙwalwar ɗan'adam da shi ba, komai gwanintarsa.

Ba ina rage wa gwanaye daraja ba ne. Gwaninta gaskiya ce, har a hoto ana ganinta. Kafin a ba mutum lasin tasi a Landan sai ya haddace tituna kusan 25,000, abin da kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. A shekarar 2000 Eleanor Maguire ta Jami'ar UCL ta sa irin waɗannan direbobi a na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa, ta samu cewa ɓangaren baya na hifokamfas, sashen da ke riƙe taswirar wurare, ya fi girma a kansu fiye da na sauran mutane, kuma wanda ya fi daɗewa a aikin nasa ya fi. A 2006 ta gwada su da direbobin bas masu bin hanya ɗaya kullum, ba ta ga wannan girma a wurin na bas ba. Abin da ka horar da ƙwaƙwalwa a kai, shi take ginawa. Na yi imani tsohon direbanmu da ya san kowane rami da kowace kwana daga Kano zuwa Maiduguri ta Azare da Potiskum yana ɗauke da irin wannan dukiya a kansa. Abin da ya kamata a gaya masa, cikin girmamawa, shi ne akwai abubuwan da shekara talatin a kan sitiyari ba ta koya wa ƙwaƙwalwa. Babbansu jure rashin barci.

A nan nake so in tsaya sosai, yallaɓai, domin a ganina nan ne giɓin ya fi faɗi. Abu biyu ke jawo barci. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa yana rage wa ƙwayoyinta kuzari, kuma barci ne ke kwashe shi. Sannan akwai agogo a can cikin ƙwaƙwalwa, sama da inda jijiyoyin ido suka gitta juna, wanda ke sauke kuzarin jiki daga tsakar dare zuwa asuba, ya sake sauke shi kaɗan bayan azahar, ko mutum ya ci tuwo ko bai ci ba. Idan biyun suka haɗu a kan mutum, kyakkyawar niyya ba ta hana ido rufewa.

A 1997 wasu masana biyu a Adelaide ta Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun gwada mutane sau biyu, sau ɗaya an hana su barci, sau ɗaya an ba su barasa. Wanda ya yi awa 17 ido biyu, haɗin kan idonsa da hannunsa ya lalace daidai da na wanda ke da barasa 0.05 cikin ɗari a jininsa, ma'aunin da ƙasashe da yawa ke kama direba a kansa. Wanda ya kai awa 24 ya yi daidai da mai 0.10. Mu ɗora wannan a kan rayuwarmu. Direba ya tashi sallar asuba ƙarfe biyar, ya wuni a tasha yana jiran layinsa, lodi bai cika ba sai bayan magariba. Ƙarfe goma na dare ya cika awa 17. Mutumin da bai taɓa kai barasa bakinsa ba, wanda zai yi faɗa da duk wanda ya jingina masa ita, ga shi ɗauke da fasinja 18 a homa, ƙwaƙwalwarsa kuwa a ma'aunin mashayi take. Jami'inku zai tsayar da shi ya duba lasin da taya da abin kashe gobara, ya same su cif, ya sallame shi.

Kuma barci a kan sitiyari ba ya zuwa yadda ake zato, a ce mutum ya kwantar da kai yana minshari. A gutsure yake zuwa, daƙiƙa biyu, uku, huɗu, wani lokaci ma ido a buɗe, ƙwaƙwalwa ce ta daina karɓar abin da ido ke kawo mata. Daƙiƙa huɗu a gudun 100, mita 111 ke nan ba mai riƙe da motar. A 2011 masu bincike a Jami'ar Wisconsin sun nuna a jikin ɓeraye cewa idan an daɗe ba a yi barci ba, wasu gungun ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sukan yi tsit na ɗan lokaci kamar masu barci alhali dabbar tana ido biyu tana motsi, kuma a daidai lokacin take kuskure wajen miƙa hannu ta ɗauki abinci. Nan ne gwaninta ke zama tarko. Hannun da ya saba yana iya ci gaba da riƙe mota a miƙaƙƙiyar hanya bayan mai shi ya tafi, sai an zo kwana ko an tarar da motar da ta tsaya asiri ya tonu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, sashen da zai auna wa mutum ko ya gaji shi ne dai wannan sashen gaba, kuma yana cikin waɗanda rashin barci ke fara raunanawa. A Jami'ar Pennsylvania, a binciken da aka fitar a 2003, an taƙaita wa wasu mutane barci zuwa awa shida a dare har kwana 14. A ƙarshe aikinsu ya lalace kamar na wanda ya yi dare ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba, amma da aka tambaye su sai suka ce ɗan barci kaɗan suke ji. Saboda haka idan fasinja ya ce, "Direba, ko za ka ɗan huta?" shi kuma ya ce, "Garau nake, Alhaji," ba ƙarya yake yi ba. Abin da kansa ya gaya masa ke nan. To ta yaya saƙon "a kula" zai yi aiki a kan wanda abin kulawar nasa ne ya raunana?

A Ingila, Jim Horne da Louise Reyner na Jami'ar Loughborough sun bi bayanan 'yan sanda a 1995, suka samu cewa barci ne sanadin kusan kashi 16 cikin ɗari na haɗurran wasu manyan hanyoyi, ya haura kashi 20 a kan manyan titunan tsakiyar ƙasar, kuma ya fi aukuwa wajen ƙarfe biyu na dare, shida na safe da huɗu na yamma. Ba bakin direbobi suka dogara da shi ba, don wanda ya yi barcin daƙiƙa uku ba ya tuna ya yi, wanda ya mutu kuma ba ya ba da labari. Alamu suka bi: mota ta sauka daga titi ko ta daki bayan wata, hanya a buɗe ana hango gaba, mota ba ta da matsala, kuma babu sawun birki a kwalta. A alƙaluman da hukumarku ke fitarwa, gudun wuce ƙima da ƙwacewar mota ne a sama, gajiya da barci a kan sitiyari suna can ƙasa. Mu da ake kwana a hanya daga Kano zuwa Legas da lodin tumatir ko shanu, anya namu ya gaza na Ingila? Ina roƙon a koya wa jami'an da ke isa wurin haɗari su riƙa rubuta waɗannan alamu, da lokacin da abin ya faru, da awa nawa direba ya yi ido biyu idan yaron mota ko fasinja ya rayu zai iya faɗa. Mota ba ta ƙwacewa haka kawai.

Direbobinmu sun san barci, shi ya sa kowa da dabararsa. Wani goro, wani shayi mai kauri ko Nescafe a wurin mai shayi, wani lemon gwangwani na ƙara kuzari. Duk sinadarin kafeyin ne a ciki, kuma abin da kafeyin ke yi shi ne ya toshe wuraren da adenosin ke kamawa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Bai kwashe shi ba. Adenosin yana nan yana ƙara taruwa, da zarar kafeyin ya saki mutum sai barcin ya dawo da na baya da na yanzu. Horne da Reyner sun gwada iska mai sanyi da ƙure rediyo a motar gwaji, suka ga amfaninsu na ɗan lokaci ne ƙwarai. Abin da suka ga ya yi aiki shi ne a tsaya, a sha kofi, a kwanta minti 15 nan take kafin kafeyin ya fara aiki, don yakan ɗauki kusan rabin awa. Shi ma na kai mutum masauki ne kawai, ba ya maye gurbin barcin dare. Ban taɓa jin an tsaya an yi wa direbobi wannan bayani da Hausa a tasha ba, alhali ba shi da tsawo ba shi da wuya.

Sai ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol ba bisa ƙa'ida ba. Mai shan tiramadol don tuƙi so yake ya daina jin ciwon baya da gajiya, kuma yakan daina ji. Amma maganin dangin ofiyam ne. Yana jinkirta amsawar ƙwaƙwalwa, yana kawo gyangyaɗi, idan ya yi yawa kuma yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya ba sallama. Kama mai sha daidai ne. Amma a tambayi wanda ya tsara masa tafiyar da jikin ɗan'adam ba ya iya yi sai da ƙwaya.

Shi ya sa na sa shugabannin tasha da masu motoci a kwafin wasiƙar nan. Direba ba shi ke tsara ranarsa ba. Mai mota yana jiran balas ɗinsa cif, ko an samu fasinja ko ba a samu ba. Mai tumatir yana kira duk awa, don kayansa ba sa jira. Wanda ya sauke fasinja a Abuja da dare so yake ya juyo ya kama layi da asuba. Ko ya so tsayawa, a ina? Tsakanin gari da gari akwai dazukan da babu mai hankalin da zai kashe mota a cikinsu saboda 'yan fashi da masu garkuwa da mutane. Inda ake tsayawa kuma, irin su Tafa da Mararrabar Jos, a gefen kwalta ake jera tireloli, mutum ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota cikin sauro da ƙarar injin. Mu fasinja ma ba mu kuɓuta ba. Mu ne masu cewa, "Direba, taka mana, dare na yi," mu ne masu tsaki idan ya ce zai kwanta minti ashirin.

A Tarayyar Turai direban babbar mota ko bas ba ya wuce awa huɗu da rabi a jere sai ya huta minti 45, ba ya wuce awa tara a yini sai dai sau biyu a mako ya kai goma, kuma a cikin motar akwai na'urar da ke rubuta lokacin tafiya da na tsayawa. Jami'i ya karanta, in an saɓa a hukunta kamfani tare da direba, kuma wannan haɗawa da kamfani shi ya ba dokar haƙori. Hukumarku ta nuna tana iya tilasta na'ura a motocin haya, tun da ta fara da ta taƙaita gudu a 2017. Ba ma sai mun jira na'ura ba. A tashoshi akwai takardar da ake rubuta sunayen fasinja. A ƙara mata layi biyu, lokacin da direban ya iso daga tafiyarsa ta baya da lokacin da zai tashi, kuma kada shugaban tasha ya ba wanda ya kwana a hanya lodi sai ya yi barci, tare da alƙawarin ba zai rasa layinsa ba. In babu wannan alƙawari, babu direban da zai faɗi gaskiya. Tafiyar da ta wuce awa tara a sa direba biyu. Ku zauna da gwamnoni da Ma'aikatar Ayyuka a samar da wuraren hutawa masu katanga da tsaro da masallaci da banɗaki. A hanyoyin da ake sabuntawa, irin ta Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, a yi tsaga-tsaga a gefen kwalta, waɗanda ke sa taya ƙugi da girgiza idan mota ta fara zamewa, suna da araha kuma suna farkar da mai gyangyaɗi kafin ya kai rami. A gwajin lafiyar masu lasin haya kuma a riƙa tambayar minshari, domin wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci yana iya kwana awa takwas a gado ya tashi kamar bai kwanta ba, kuma ciwon yana da magani.

Abu na gaba da gwaninta ba ta gyarawa shi ne raba hankali. Dokarku ta hana waya a kan tuƙi, amma abin da jami'i ke iya hangowa shi ne hannu, sai direbobi suka ɗauka laifin na hannu ne. Aka koma sa abin kunne ko buɗe sifika, kowa ya ce ya bi doka. A 2008 Marcel Just na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ya sa mutum 29 tuƙin kwaikwayo a cikin na'urar MRI, ana karanta musu jimloli su tantance gaskiya ne ko ƙarya. Babu waya a hannunsu, saurare suke yi. Aikin sashen saman ƙwaƙwalwa mai auna nisa da matsayin abubuwa ya ragu da kashi 37 cikin ɗari, suka riƙa kauce wa layi suna gogar shingen gefen hanya. Tun 1997 wani bincike a Toronto ta Kanada kan direbobi 699 da suka yi karo ya nuna cewa yiwuwar haɗari takan ninka kusan sau huɗu a lokacin da ake waya, kuma wayar da ba a riƙe a hannu ba ta nuna wani fifiko ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Wani zai ce ai direba yana hira da na gidan gaba tun da aka ƙera mota. Haka ne, kuma David Strayer da abokan aikinsa a Jami'ar Utah sun gwada bambancin. Na kusa da kai yana ganin hanyar da kake gani. Idan an zo shataletale ko za ka wuce tirela yakan yi shiru da kansa, har ya ce maka, "Ga mai babur nan." Wanda ya kira ka daga kasuwa yana rigimar kuɗi bai san kana shan kwana ba, in ka yi shiru ma sai ya ce, "Kana jina kuwa?" Su Strayer sun kuma bi motsin idon masu waya, suka ga ido yana sauka a kan allunan gefen hanya amma daga baya mutum bai tuna ya gan su ba. Ido ya kalla, ƙwaƙwalwa ba ta karɓa ba. Shi ya sa idan direba ya buge mai babur a mahaɗa ya rantse ya duba bai ga kowa ba, sau da yawa gaskiya yake faɗa, duk da cewa gaskiyar tasa ba ta share wa marayu hawaye. Ƙwaƙwalwar da ke neman mota takan tsallake abin da ba mota ba. Wannan ana iya koyar da shi a makarantun tuƙi: a mahaɗa ka duba sau biyu, na biyun da niyyar neman babur da mai tafiya a ƙasa. Saƙonku na rediyo kuma ya wuce "kada ka riƙe waya" ya koma "kada ka amsa," a yi wa masu kira magana su ma, uwargida da mai kaya da mai mota: da ka ji ƙarar hanya, ka ce "sai ka tsaya," ka kashe.

Ko gudun da kuka fi kuka da shi, ba duka ne na gangan ba. Ƙwaƙwalwa da abin da ta saba a mintocin baya take auna gudu. Wanda ya yi awa guda yana 110, idan ya sauko 80 a bakin gari sai ya ji kamar ya tsaya, alhali nisan da birki ke buƙata yakan ninka huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yiwuwar mutuwar wanda mota ta buge takan ninka sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da 65. Garuruwanmu kuwa a bakin titi suke cin kasuwa, a je Wudil ranar Juma'a a gani. Allo mai lamba bai isa ba. Sai an canza abin da ido da jiki ke ji tun kafin a shiga gari: a matse hanya, a yi tudun rage gudu mai fenti da alama tun daga nesa, kafin jama'a su tara nasu na ƙasa da dare bayan an kashe musu yaro.

Sai yaranmu masu A Daidaita Sahu da babur. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai hana mutum bin son ransa, shi ne na ƙarshe wajen nuna, sai wajen shekara 25, alhali sashen da ke jin daɗin burge mutane ya riga shi ƙarfi tun farkon balaga. A Jami'ar Temple da ke Philadelphia, a binciken da aka fitar a 2011, an sa matasa da manya wasan tuƙi a na'urar MRI, inda za su zaɓi tsayawa ko wucewa idan danja ta nuna ruwan ɗorawa. Matashi shi kaɗai yana tuƙi kusan kamar babba. Da aka gaya masa abokansa biyu suna kallo daga wani ɗaki, sai sashen jin daɗi ya kunnu, ya riƙa ƙetare danja yana karo. Manya ba su canza ba. Duk wanda ya taɓa ganin ayarin kai amarya ko wasan babur na ranar Sallah ya san abin da ake faɗa. Ƙasar Niyu Ziland tun 1987 take ba sabon direba lasin mataki-mataki, kafin ya samu cikakken lasin ba tuƙin dare, ba ɗaukar fasinja sai da babba a gefe. Mu kuwa yaron da gemunsa bai fito ba muke miƙa wa keke da balas mai nauyi, mu cika masa shi da 'yan makaranta. Wannan aiki ne da sai kun haɗa hannu da hukumomin jihohi irin su KAROTA da ƙungiyoyin masu keke, kuma mai keken da ya ba yaro maƙulli shi ya kamata a fara nema.

Kada a ɗauka ina nema wa kowa mafaka. Barcin daƙiƙa uku ba da son ran mutum yake zuwa ba, amma hawa mota bayan an kwana ba a runtsa ba da son rai ne, ci gaba da tafiya bayan hamma ta yi yawa ido ya fara lumshewa da son rai ne, ɗaga waya ma haka. Abin da ilimin ƙwaƙwalwa ya nuna shi ne alhakin yana farawa tun kafin a tayar da mota, lokacin da mutum yake da cikakken hankalinsa, kuma wanda ya ba da mota da wanda ya ba da lodi suna da kasonsu a ciki. Mun yi imani da ƙaddara, kuma wanda ya koya mana imani da ita, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya dogara ga Allah. Limaman masallatan tasha za su isar da wannan fiye da kowane allo idan kun kai musu bayanin, musamman a watan azumi, lokacin da sahur da sallar dare ke yanke barci kuma kowa ke rige-rigen isa gida kafin a sha ruwa.

Binciken da na kawo duk a ƙasashen waje aka yi su. Ƙwaƙwalwar Bahaushe da ta Bature halitta ɗaya ce, amma zafinmu da hanyoyinmu da tsarin tashoshinmu namu ne, kuma muna da masanan da za su auna su a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da sauransu idan kun buɗe musu bayanan haɗurran da ke hannunku. Roƙona, ranka ya daɗe, kafin Sallah mai zuwa ku zaɓi babbar tasha ɗaya a Kano ko Kaduna, ku zauna da shugabanninta a gwada tsarin rubuta lokacin isowa da hana wanda bai yi barci ba lodi, a bi motocinta na wata shida, a fito da sakamakon kowa ya gani.

Allah Ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam,
Wani malamin makaranta, daga Zariya.